Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Faifan da Obaasan ta sa mini

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya kira ni da asubar Tokyo, ya ce Allah Ya yi wa ƙanena rasuwa. Sikila ce ta tafi da shi yana ɗan shekara 16. Kafin labarin ya iso ni an riga an kai shi makwancinsa, ni kuwa ina ɗan ɗakina a garin Hachioji da ke yankin Tokyo, babu wanda zan zauna zaman makoki da shi.

Na yi makonni ina zuwa makaranta kamar wadda aka zare wa laka. Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda nake kira Obaasan, wato kaka, ba ta taɓa tambayata komai ba. Sai dai kullum in tarar da shinkafa da miyar miso a bakin ƙofata.

Wata ranar Lahadi a kakar 2013 ta kira ni falonta, ta zuba mini shayi, ta ciro wani tsohon faifan garmaho. Ta ce sunansa Hikoki-gumo, ma'ana farin layin da jirgin sama ke bari a sarari. Kundin farko ne na mawaƙiya Arai Yumi, ya fito a Nuwamban 1973 tana da shekara 19. 'Yar garin nan ce, in ji Obaasan, gidansu masu sayar da kimono ne, wato tufafin gargajiyar Japan. Ita ta rubuta waƙoƙin, ita ke kaɗa fiyano, ƙungiyar Caramel Mama na mara mata baya: Hosono Haruomi da Suzuki Shigeru da Hayashi Tatsuo da Matsutoya Masataka, wanda ya aure ta a 1976.

Na riga na sha jin waƙar da kundin ya ci sunanta a kantuna a shekarar, domin mai shirya fina-finai Miyazaki Hayao ya rufe sabon fim ɗinsa da ita, amma ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Da allura ta sauka, fiyano ya fara a hankali, sannan muryar yarinyar ta shigo. Ba ta da karkarwa, ba ta da kwalliya, miƙaƙƙiya ce kamar zare. Wannan ne ya kama ni. Da ta yi kukan waƙa da na tashi na fita, don kuka ya ishe ni. Japanancina bai yi ƙarfi ba a lokacin, sai Obaasan ta riƙa fassara mini da kalmomi masu sauƙi: yaro ne ya rasu da ƙuruciya, mutane na cewa ya yi saurin tafiya, mai waƙar kuwa ta kwatanta rayuwarsa da wannan farin layin.

Na ce, "Obaasan, me ya sa kika zaɓi wannan?"

Ta daɗe tana kallon kofinta, sannan ta nuna mini hoton wani saurayi a kan ɗan teburin da take kunna turare. Wata takwas ina gidan, ban san ta taɓa haihuwa ba.

Na koma ɗaki na yi alwala, na yi wa ƙanena addu'a har magariba. A daren ne na fara iya kiran Inna a waya ba tare da na katse ba. Abin da ta faɗa mini game da kwanakinsa na ƙarshe a asibiti, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.