Ranar da ƙwayoyina duka suka yi wutsiya

Laraba, da dare.

Tun ƙarfe bakwai nake ɗakin gwaji, sai yanzu na samu na miƙe ƙafa. Aikin yau shi ne gwajin tauraruwa mai wutsiya, wanda ake yi don gano lalacewar DNA, sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta. Ana shimfiɗa ƙwayoyin halitta cikin jel a kan ɗan gilashi, a fasa su, a jiƙa su cikin ruwan alkali mai kaifi, sannan a sakar musu lantarki. DNA mai lafiya yakan tsaya dunƙule wuri guda, wanda ya karairaye kuwa sai lantarki ya janye gutsattsarinsa gefe, ya yi jela.

Kashi biyu na raba su. Ɗaya na ɗiga masa haidirojin feroksaid, sinadari mai lalata DNA, na minti biyar a kan ƙanƙara, ɗayan ban taɓa shi ba, don in samu abin kwatantawa. Wajen ƙarfe huɗu na kashe fitila na leƙa maikiroskof. Kashin farko ya yi yadda ake so: kawuna kore shar suna ƙyalli cikin duhu, kowanne da jelarsa kamar hayaƙi. Na sauya gilashi ina murmushi. Ashe na biyun ma duk wutsiya ne! Jikina ya yi sanyi, wuni guda ya tafi a banza.

Malama ta zo ta leƙa, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ɗago ta ce, "'Yata, bayan kin fasa su, a haske kika bar su ko? Ruwan da kika haɗa kuma na yaushe ne?" Na sunkuyar da kai. Gaskiya a kan tebur na bar su, fitila na dukansu, ruwan kuma ya kwana biyu. Ta ce ɗan burbushin ƙarfe a ruwa ma ya isa, domin in ƙarfe ya haɗu da feroksaid sai ya haifar da haidiroksil, wanda duk abin da ya fara cin karo da shi sai ya ɓata shi. Fenton ne ya fara lura da wannan haɗi tun 1894.

Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar dawowa shi ne, ɓarnar da na yi da sakaci, jikina na yin irinta ba dare ba rana. Maitokondiriya, wasu ƙananan sassa a cikin ƙwayar halitta, na amfani da oksijin wajen samar da kuzari, amma wasu ilektaron kan zille su zama sufa-oksaid. Enzayim SOD, wanda McCord da Fridovich suka gano aikinsa a 1969, yana mayar da shi feroksaid, enzayim katales kuma ya mayar da feroksaid ɗin ya zama ruwa da oksijin. Wanda ya kuɓuce shi ke kaiwa ga DNA.

Guwanin (G) ne ya fi shan wahala cikin haruffa huɗu na DNA; sauran su ne adenin (A), saitosin (C) da taimin (T). Da ya lalace ya koma 8-oksoguwanin sai ya iya barin abokinsa saitosin ya rungumi adenin, in aka kwafa a haka G ta zama T, kuskure ya zauna daram. Enzayim OGG1 ne ke bi yana cire lalataccen, enzayim MUTYH kuma ya tumɓuke adenin ɗin da ya shiga gurbin da ba nasa ba. Kan irin wannan gyara Tomas Lindahl ya samu kyautar Nobel a 2015.

Wata abokiyar aikina ta yi mini tsiya, wai in ba ƙwayoyin nawa bitamin don ya kare su daga wannan ɓarna. Na tuna mata binciken Finland na 1994, inda mashaya sigari da aka ba beta-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, suka fi kamuwa da sankarar huhu. Ta yi shiru.

Gobe zan sake daga farko. Na haɗa sabon ruwa kafin in fito, na kuma yanka takardar alminiyom da zan lulluɓe gilasan.