Na sayar da PS2 ɗina har da memorin, wai don gem ɗin sun zo waya da PS4

A ƙarshen 2021 na sayar da PS2 ɗina, kuma ba matsuwa ce ta sa ni ba, lissafi na zauna na yi da kaina. Na riga na sayi PS4 na hannu. San Andreas yana wayata tun da daɗewa, don tun 2013 ya fito a waya, ga shi a watan Nuwamban 2021 an sake fito da tsofaffin gem ɗin GTA guda uku, har da shi San Andreas ɗin, gaba ɗaya a sabbin na'urori. Resident Evil 4 yana PS4, Shadow of the Colossus ma an sake gina shi a 2018 ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. Sai na ce to me ya rage, wannan siririn abin yana ƙarƙashin TV yana shan ƙura, wani yaron unguwarmu da ke son buɗe gidan gem ya taya, na sallama. Na haɗa masa da hannu biyu da caja da wayar AV da kaset-kaset ɗin da ke leda, yana shirin tafiya ya ce "Yallaɓai memorin fa?" na ce ai yana jiki, tafi da shi. Wallahi ko daƙiƙa biyar ban yi tunani ba.

Memorin nan, wato katin da gem ke ajiye inda ka tsaya, 8MB ne kacal, hoto ɗaya na wayar yanzu ma zai iya cika shi. Amma tun 2008 da Yaya ya sayo gem ɗin muke zuba abubuwa a ciki. PES 6 ɗinmu na ƙwallo yana ciki, Master League ɗin, inda kake gina ƙungiyarka daga tushe, da muka fara da 'yan wasan bogi na gem ɗin su Castolo da Minanda da Ximelez, Ivarov a raga, muka yi ta tara maki har muka sayi Adriano, wanda ya buga ya san ƙafar hagun nan. Kuma a shekarar da Kano Pillars ta fara cin kofin lig, 2008 ɗin dai, Yaya ya zauna da hannun gem harafi bayan harafi ya ƙirƙiri Pillars a wurin edit, riga kore da ruwan ɗorawa, sunayen 'yan wasa yana duba jarida yana rubutawa. Da Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 Yaya ya ƙirƙire shi ya ba shi gudu 99, tun kafin ya tafi VVV-Venlo, tun babu wani gem da ya san da shi. Wannan duk na miƙa wa yaron nan kyauta a kan cinikin.

Ban ji komai ba sai da Babbar Sallah ta zo, Yaya ya dawo daga Fatakwal. Bayan an gama aikin nama da la'asar ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba ya ce ɗauko mana Pillars. Na ce "Yaya ai na sayar, amma akwai PS4." Ya ce to memorin dai ka ajiye ko? Na yi shiru. Bai yi faɗa ba, ya ce ba komai, ya tashi ya koma tsakar gida wurin su Umma, kuma wannan ba komai ɗin har yau yana damuna fiye da a ce zagina ya yi. Washegari na je gidan gem ɗin, yaron ya ce ai ranar da ya karɓa ya goge komai ya sa manhajar Free McBoot don ya riƙa kunna gem daga filash, daga baya ma memorin ya bi wani kwastoma. Ba laifinsa ba ne, kayansa ne, ni na ba shi.

Abin da ya fi ci min rai, daga baya na gano da irin wannan Free McBoot ɗin akwai wata manhaja uLaunchELF a ciki, da ita za ka iya kwafe duk ajiyar memori zuwa filash cikin minti biyar, har ka sa ta a PCSX2, manhajar da ke kunna gem ɗin PS2 a kwamfuta, ka ci gaba daga inda ka tsaya. Minti biyar fa. Da na ari memorin wani na yi wannan, da ko na sayar da gem ɗin babu abin da na rasa sai roba da ƙarfe.

Sai kuma lissafin nan nawa ya fara warwarewa. Na ƙirga gem ɗin da suka yi suna, waɗanda ake rubutu a kansu, ban ƙirga waɗanda muke kunnawa kullum ba. Da na zauna na tuna gaskiya me muke bugawa a gidanmu? PES 6 ne. Sai Mortal Kombat Shaolin Monks na 2005, ni Kung Lao Yaya Liu Kang. Sai SmackDown Here Comes the Pain na 2003 da Def Jam Fight for NY, sai Need for Speed Most Wanted na 2005. Babu ko ɗaya a cikinsu da na samu na saya a shagon PS4. Kuma akwai dalili, yawancin irin waɗannan cike suke da abin da aka biya haya na ɗan lokaci, sunan 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da mawaƙa da motoci, idan wa'adin ya ƙare sai an sake biyan kowa kafin a sake fito da su, shi ya sa suke nan maƙale a tsohuwar na'ura. PES ma kansa a 2021 ɗin ya koma eFootball, wani abu ne daban.

Shi kansa San Andreas ɗin da na dogara da shi ba ɗaya ba ne. A PS2 akwai wuraren da mutum na biyu zai ɗauki hannu ku shiga gari tare, ni ina tuƙi Yaya yana harbi, na waya babu wannan, sabon na 2021 ma babu. An cire wasu waƙoƙin rediyo saboda wa'adin hayar nan. Ga tuƙa jirgi da yatsa a kan gilashi, wanda ya gwada makarantar jirgin nan a waya ya san me nake nufi. Amma in faɗi gaskiya ba duka ne suka ragu ba, Resident Evil 4 ya fi daɗi a PS4, hoton tas, ban taɓa kewar na PS2 ba, haka Shadow of the Colossus. Wanda irin waɗannan kawai yake bugawa shi kaɗai, ya sayar abinsa ba zan hana shi ba, ya dai cire memori tukuna.

Na gwada emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon PS2 a waya ko kwamfuta, kafin na haƙura. AetherSX2 a wayata yana tashi, amma bayan rabin awa wayar ta yi zafi kamar dutsen guga gem ya fara jan ƙafa, kuma a farkon 2023 mai yin sa ya daina. PCSX2 a laftof ɗin abokina kam yana gudu lafiya, har ya fi asalin kyau, wanda yake da kwamfuta mai ƙarfi da hannu biyu masu kyau gaskiya ba lallai sai ya nemi na'urar ba. Ni ba ni da ita.

A 2024 na koma na sayi wani siririn. An daina ƙera PS2 tun wajen 2013, duk wanda ka gani na hannu ne, ga naira ta faɗi tun 2023, na biya kusan ninki uku na abin da na karɓa, kuma lens ɗinsa ya gaji baya karanta kaset sosai, da filash nake amfani. Ramin filash ɗin PS2 tsoho ne, USB 1.1, sai ka ga bidiyon cikin gem yana tsinkewa, wasan kansa dai lafiya. Hannu ne wahala, na jabu sun cika kasuwa, wata biyu analog ya fara tafiya shi kaɗai, sai da na sa aka nemo min na asali tsofaffi guda biyu. Sannan wayar AV mai kan ruwan ɗorawa a babbar TV ta bango hoton dishi-dishi yake fitowa, kuma sai ka ji kamar ka danna kafin ɗan wasa ya motsa. Tsohuwar TV mai ƙaton baya na ɗauko a ɗakin ajiyar Gwaggo, ina jonawa PES 6 ya dawo yadda na san shi.

Sallar da ta wuce Yaya ya zo ya tarar da shi a jone. Bai ce komai ba ya zauna a ƙasa ya ɗauki hannu na ɗaya, muka fara Master League daga farko da Castolo. Da dare ya shiga edit zai sake Pillars, ya yi rigar, ya rubuta Ahmed Musa da Rabiu Ali da Gambo Mohammed, daga nan ya tsaya yana ta ƙoƙarin tuno 'yan bayan 2008, ya tuno biyu sauran suka ƙi zuwa, jaridun kuma tuni an yi ƙunshin ƙosai da su. Muka bar guraben da sunayen bogi na gem ɗin. Yana ajiyewa na tashi na kwafe a filash biyu, ɗaya na sa masa a jaka ya tafi da shi Fatakwal.

Tsohon memorin namu baƙi ne, Yaya ya ɗiga masa jan farcen Anti a kusurwa don kar ya haɗe da na abokansa. Duk sanda na wuce wurin masu sayar da kayan gem na ga tarin memori a tire, sai na tsaya na jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ko da na san an riga an goge.