Takalmin hawa mashin: inda na kwana bayan hunturu ɗaya da damina ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa, abokan koyon doguwar tafiya a kan mashin.

Wata tara ke nan ina kokawa da zancen takalmi. Na lura yawancinmu hular kwano da rigar sanyi muke kashe wa kuɗi, ƙafa kuwa ko oho, duk abin da aka tarar a bakin ƙofa shi ake zurawa. To ga abin da ke cikin ɗan littafin da nake rubutu a ciki in na dawo daga hanya, na tace muku shi. Shekarata biyu da sayen Boxer, kuma sai ƙarshen bara na fara fita bayan gari da shi, don haka kada wani ya ɗauke ni gwani.

Ƙarshen Disamba

Na bar Bauchi ana idar da sallar asuba, na nufi Jos, tafiyar kilomita 130 ko kusa da haka. Daga ƙugu zuwa sama na shirya tsaf: riga biyu, jaket, ga hirami na naɗe wuya. Ƙasa kuwa kambas ne da safar auduga, irin wadda yara ke talla uku a ƙulle. Kafin in wuce dutsen Zaranda yatsuna sun fara zugi. A Nabordo zugin ya lafa, na ce alhamdulillahi sauƙi ya samu, ashe ƙafar ce ta mutu. Wajen Tilden Fulani wata akuya ta faɗo hanya, na taka birkin baya, ban ji iya nauyin da na sa ba, taya ta ja ƙasa, bayan mashin ya yi gefe. Allah Ya tsare ban faɗi ba. Amma na fi rabin awa a teburin mai shayi ina murza ƙafa, gabana na dukan uku-uku.

Daga baya na zauna na yi lissafin abin. Bauchi tana kan tudu mai mita 600 da 'yan kai, Jos ta haura mita 1,200, kuma duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na sauka da maki 6 zuwa 7. Ga kuma iskar gudu: in ma'auni ya nuna maki 10 kana tafiyar kilomita 60 a awa, fatarka ji take kamar maki 5. Ƙafa kuwa a zaune take kan mataki ba motsi, kuma jiki in ya ji sanyi yakan janye jini daga yatsu ya tara shi a ƙirji da ciki. Wannan ƙafar da aka yi watsi da ita, ita ke riƙe da birki a dama, giya a hagu.

Janairu

Ƙanena mai aikin gini ya ara mini sefti but ɗinsa mai ƙarfe a baki. Ƙarfi kam ba a magana, domin an ƙera bakin ne ya jure faɗowar abu mai nauyin kilo 20 daga tsayin mita ɗaya. Tsakuwar da manyan motoci ke watsowa ta daina damuna. Sai dai ƙarfe makwaɗaicin sanyi ne, da asuba ji nake kamar na sa yatsu a randa.

Abin da ya raba ni da shi ma ba sanyin ba ne, igiya ce. Na zo tsayawa gaban wani mai faci, na sauke ƙafar hagu, ashe kunnen igiyar ya maƙale a libar giya. Ƙafa ta ƙi isa ƙasa. Haka na kwanta a hankali ni da mashin, kamar raƙumin da aka ce wa ya durƙusa, yara suna ta dariya. Ban ji ciwo ba sai kunya. Tun daga ranar na yi wa kaina doka: takalmin hawa ko dai ya zama mai zif, ko kuwa a cusa igiyar ciki kaf.

Fabrairu

Na sayi wani a gwanjo, fata baƙa sumul, kamar ba a taɓa takawa ba. Wannan sumul ɗin ne ya cuce ni. Kwana goma sha biyu, ina buga kik, sai na ga ƙasan takalmin na zuba kamar busasshen burodi.

Na kai wa wani dattijo baduku da ke unguwarmu. Ya juya shi, ya danna da farce, wurin ya burma. Ya ce, "Ɗana, wannan ba tafiya ce ta kashe shi ba, ajiya ce." Na ce, "Baba, ajiya kuma?" Ya ce irin wannan roba mai kumfa in ta shekara da shekaru ba a takawa, ruɓewa take daga ciki. Gaskiyarsa. Robar ita ake rubuta wa PU a ƙasan takalmi, damshin iska ne ke cin ta sannu a hankali, kuma wanda aka jibge a sito ya fi wanda ake sawa saurin lalacewa. Don haka a gwanjo, takalmin da ya ɗan sha hanya amma ƙasansa baƙar roba ce mai tauri ya fi mini sabo fil da ba a san shekarunsa ba. Ku danna da farce, ku lanƙwasa, in kun ga tsaga ko gari ku ajiye masa kayansa.

Maris da Afrilu ban rubuta komai ba sai layi ɗaya: kada in sayi mai gashi a ciki. Na gwada wani irin na ƙasashen ƙanƙara, mai alamar Thinsulate, a rumfar mai kaya. Ko minti biyar ban yi ba ƙafata ta jiƙe. Garin da zafin bazara ke kusan maki 40, takalmin Kanada zai yi maka aikin sati shida ne a shekara, sauran watannin azaba.

Yuni

Ruwa ya sauka, na koma renbut kamar kowa. Ruwa ba ya shiga, wannan gaskiya ne. Amma gumi ma ba ya fita, in na cire safa sai na matse. Ga santsi a kan mataki in laka ta taɓa shi, ga shi ba ya riƙe idon sawu ko kaɗan, sai ƙafa ta riƙa iyo a ciki. Salansa kuma ta lasar mini na dama ta bar tabo. Na zuwa gona ne da tsallaka kwata, ban yarda da shi a kwalta ba.

Yuli

Nan ne na yi sayen da nake kai har yanzu. Na zaga kasuwannin Wunti da Muda Lawal a Bauchi ban samu lambata ba, sai a kasuwar Katako ta Jos na ci karo da shi a ƙasan tari: na fata, dogo har rabin ƙwauri, zif a gefen ciki, da wata fata da ke rufe zif ɗin. Kuɗinsa ya kusa na sabuwar tayar baya. Na yi jim, na tuna akuyar Tilde, na biya.

Wannan karon ban sayi kyan fuska ba. Na riƙe baki da dunduniya na murɗa shi kamar mai matse wanki, ya ƙi murɗuwa. Na matse gefe da gefen tafin, bai lotsa ba, kuma wannan shi ne abin da zai ceci ƙashin ƙafa in mashin ya danne ta. Na laluba wajen idon sawu, na ji ɗan faifai mai tauri ciki da waje. Na zuge zif na duba bayansa, akwai ƙyalle da aka ɗinke gefe biyu har kusan sama, wanda ko ruwa ya ratsa haƙoran zif ba zai isa safa ba. A mai igiya ma ku duba haka, harshen ya zama a ɗinke da jikin takalmin, in a sake yake to ƙofa ce.

A ciki akwai ɗan tambari mai hoton mutum a kan babur, an rubuta EN 13634. Wannan ma'aunin Turai ne na takalmin masu babur. A bugun 2017 lambobi huɗu ne ke biye, kowace 1 ko 2, ta 2 ta fi: tsayin takalmin, jure gogar kwalta, jure yanka, sai taurin tafi in an matse shi ta gefe. In an ƙara WR, an gwada shi da ruwa ke nan. Ban ce sai mai tambari za ku saya ba, don tambari ma ana ɗinka na ƙarya. Hannunku ya fara gwadawa, tambari ya zo shaida.

Lambata 42, na ɗauki 43. Da yamma na gwada, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safa mai kauri da na taho da ita a aljihu. Dalili kuwa, abin da ke ɗumama ƙafa iskar da ke kwance tsakanin fata da takalmi ce, da jinin da ke yawo. Na taɓa sa safa biyu a matsattsen takalmi, sanyin ya fi na safa ɗaya. In ba ka iya motsa yatsunka a ciki ba, ba naka ba ne. Masu Boxer muna da sauƙi ɗaya: libar giyarmu baki biyu gare ta, a taka gaba da yatsu, a taka baya da dunduniya, kaurin bakin takalmi bai dame mu ba. Wanda mashin ɗinsa sai ya zura ƙafa ƙarƙashin liba ya ɗaga, ya hau ya gwada kafin ya biya.

Da na dawo gida na cusa takardar jarida a ciki, na tsoma shi a bahon ruwa iya idon sawu, na danne da dutse minti goma. Na dama ya fito a bushe. Na hagu jaridar ta jiƙe daidai inda fata ke lanƙwasa a kan yatsu. Takalmin yana da irin shimfiɗar nan ta ciki mai hana ruwa shiga ta bar tururin gumi ya fita, dangin Gore-Tex da aka gano a Amurka a 1969, wadda ƙofofinta suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta amma tururi na wucewa. Sai dai ita ma tana tsufa, kuma a malanƙwasa take fara yagewa.

Na koma wurin Baba. Ya narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya a murfin gwangwani, ya bi ɗinki da tsinke yana cusawa, ya shafa a malanƙwasar, ya ce in bar shi a hantsi ya sha. Na ce ya shafe duka mana. Ya ce, "A'a ɗana, fata ma numfashi take. Ka cika mata mai ta yi laushi kamar tsumma, ka toshe ta gumi ya kashe ka." Aka sake baho, wannan karon shiru.

Agusta

Gwajin gaske. Marka ta kama ni a hanyar Gombe, tun kafin gadar Dindima har Alkaleri ba ta ɗauke ba. Na isa na cire takalmi, ruwa ya zubo kamar daga buta. Raina ya ɓaci, na fara lissafin kuɗin da na yi asara.

Da na huce sai na lura da wani abu: saman safar ya fi ƙasanta jiƙewa. Ashe ni na yi wa kaina. Na cusa ƙafar wandon ruwa a cikin takalmin don kada ta taɓa sarƙa, duk ruwan da ya sauka a gwiwata sai ya bi wandon ya gangara ciki, kamar indararo a bakin randa. Kuma takalmin da ba ya barin ruwa ya shiga, ba ya barin ya fita. Washegari na dawo cikin irin wannan ruwan, wando a kan takalmi, na ɗaure bakinsa da ɗan kyauron tayar keke. Na iso Bauchi safa a bushe ƙayau. Ina ta tuhumar fata da ɗinki, ɓarawon ta sama yake shiga.

A tafiyar nan na gano ɓarawo na biyu. In na tsaya salla a hanya, nakan yi alwala in zura ƙafa a safa da danshinta. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen ninki 25, don haka ɗan danshin nan ya isa ya sanyaya ƙafa har ƙarshen tafiya. Yanzu da ɗan tawul a jakata, ina goge tsakanin yatsu sosai. Wani abokin tafiya ya kawo zancen shafa a kan huffi, na ce wannan ya kai wa malaminsa, sharuɗɗa gare shi, ni dai zif ya sa cirewa ba ta yi mini wuya.

Safar auduga kuma mun rabu. Tana shan gumi ta riƙe. Ta ulu na samu a gwanjo, tana iya shan danshi mai yawa ba ka ji ta jiƙe ba. Ina tafiya da guda a jaka cikin leda. Ledar burodi a kan safa, wadda 'yan acaɓa ke yi, tana fid da kai in ruwa ya rutsa ka a tafiyar minti ashirin, in ta wuce haka gumi zai yi abin da ruwan bai yi ba.

Shanya ma sai da na koya. Na farko na kusa kai shi bakin murhu, uwargida ta hana, ta ce fata a wuta ai ƙilishi za ta koma. Jarida ake cusawa a canza ta in ta jiƙe, a ciro shimfiɗar tafi, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Kwana biyu ya ɗauka. Kuma ku riƙa zazzage shi da safe kafin ku zura ƙafa, kunama na son irin wannan ɗakin.

Satumba

Inda nake yanzu: ruwa na gama da shi, ko in ce mun yi sulhu. Sanyi ne ban gwada wannan takalmin da shi ba tukuna, tun da bayan hunturu na saye shi. Dunduniyar dama ta fara cinyewa ta waje saboda jan ƙafa da nake yi in zan tsaya, halin da nake ƙoƙarin bari. Kan zif ɗin hagu kuma ya soma taurin kai, na goga masa kyandir ya ɗan saki, amma ranar Asabar zan kai wa Baba ya duba.

In Allah Ya kai mu ƙarshen Disamba zan maimaita tafiyar Jos, lokaci ɗaya, bayan sallar asuba, da safar ulu guda. Zan tsaya a Nabordo in ga ko ina jin yatsuna.