Wasiƙa daga Roma: Yadda ake bimbini a kwana arba'in na azumi

'Yan'uwa a cikin Kristi na Kaduna, Kafanchan, Jos, Yola da Maraɗi, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

A nan Roma azumi yakan fara ne da tattaki. Ran Larabar Toka, ranar farko ta azumin, da yamma ana tashi daga cocin Sant'Anselmo a kan tudun Abentino zuwa cocin Santa Sabina, inda bisa al'ada Fafaroma ke jagorantar Misa. Daga nan kowace rana tana da cocin da aka ware mata a cikin birnin, yau nan, gobe can, har Ista. Da irin wannan lissafi ya kamata a yi bimbini a gida: kowace rana da rabonta.

Mu fara da doka, don a nan ruɗani yake. Daga Larabar Toka zuwa Asabar kafin Ista kwana 46 ne, a cire Lahadi shida, saura 40. Azumin dole kwana biyu ne kacal: Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau, wato Jumma'ar kafin Ista, a kan wanda ya cika shekara 18 bai kai 60 ba. Abinci cikakke sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda ko an haɗa shi ba zai kai cikakken ba. Barin nama kuwa daga shekara 14 ne, a waɗannan ranaku da kowace Jumma'ar azumi. Ruwa da magani ba sa karya azumin. Wasu kan kwaikwayi maƙwabtanmu Musulmi su bar ruwa har faɗuwar rana. Niyya ce mai kyau, amma Ikilisiya ba ta ɗora wa kowa wannan ba, kuma a zafin Maris da Afrilu mai ciwon suga, mai juna biyu ko mai shayarwa su ci, su sha, su nemi wata hanyar tuba.

Bimbinin kansa minti 15 ya isa. Minti biyu na shiru, waya a kashe. Minti biyar a karanta Bisharar ranar sau biyu, na biyun a hankali, a tsaya kan kalmar da ta taɓa zuciya. Minti biyar na tambaya uku, waɗanda Matiyu 6 ya shimfiɗa tun ranar toka: addu'ata, azumina, sadakata, wa nake yi dominsa? Sauran minti ukun a yanke abu guda da za a aikata kafin dare, da sunan mutum da lokaci. "Zan gyara halina" ba ya zuwa ko'ina. "Zan gaida maƙwabciyar da muke gaba da ita kafin in tafi kasuwa" shi ne ake iya bincikawa da dare.

Abin da ke kashe bimbini sananne ne. Wanda ya bari sai bayan tuwon dare, barci zai yi. A mai da shi asuba. Wanda ya ɗauki alkawari bakwai ran Laraba, kafin Lahadi ta biyu ya zubar da shida, sai kunya ta sa ya bar na bakwan. Wanda ya tsallake kwana uku kada ya ce zai rama, ya ci gaba daga karatun yau.

Sai zancen kifi. A bar naman dubu biyu a sayi tarwaɗar dubu biyar, doka ta cika, talaka bai ga komai ba. Ishaya 58 ya haɗa azumi da raba abinci da mayunwaci. A ajiye gwangwani, duk Jumma'a a jefa kuɗin naman da ba a saya ba, a Makon Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, a kai wa gwauruwa ko a zuba a baikon azumi na coci. Zumuntar Mata za su iya tattara wannan unguwa-unguwa.

Furta zunubi kada a jira Makon Tsarki, lokacin da Fada (firist) ɗaya ke fama da layi har waje. Mako na uku ko na huɗu ya fi. Inda Fada ba ya zuwa sai wata-wata, katikis, wato malamin coci, ya sanar da ranar zuwansa tun da wuri, ya kuma ja addu'ar Hanyar Gicciye, mai tuna shan wahalar Yesu, ran Jumma'a, tasha 14, ba tare da gaggawa ba.

Naku a cikin Kristi,
daga Roma.