Katafilar da aka cire wa famfo a banza

Har yanzu in na tuna aikin katafila D7G ɗin nan na Ibeju-Lekki a Legas sai raina ya sosu, saboda kuɗin da aka ƙona a kan famfon injekta, wato famfon da ke tura man gas zuwa silinda, alhali lafiyarsa lau. Katafilar ta wani Alhaji ce ɗan garinmu da ke zaune a Agege, yana ba da ita haya ga masu cike fadama da yashi ta wajen titin Lekki zuwa Epe. Tsohuwa ce, irin waɗanda Caterpillar ta fara fitarwa a shekarun 1970, da injin 3306 mai silinda shida. Duk wanda ya taɓa injin nan ya san ba shi da raki. In ya tsaya, da dalili.

Ga yadda take yi. Da safe bugu ɗaya ta tashi, ta kama aiki kamar ba komai. Sai ta tura yashi mai nauyi, direba ya ji ƙarfi yana zubewa, injin ya fara shaƙewa, ya ɗan yi farin hayaƙi, ya mutu. A bar ta ta huta, a buga famfon hannu, ta tashi garau. Anjima ta sake. Wata rana kuma ta yini ba ta yi ko sau ɗaya ba.

Tun a waya na ce masa, "Alhaji, don girman Allah kada a taɓa famfon nan sai na zo. Famfon da ya cinye ba ya hutawa ya warke." Ya ce, "To Malam, Allah ya kawo ka lafiya." Dalilina shi ne, in filanja, wato ɗan sandan ƙarfen da ke matsa mai a cikin famfon, ta ci, ciwon kullum yana nan: ƙarfi ya ragu daga safe har yamma, in injin ya yi zafi tashi ya zama wahala. Amma injin da ke aiki ƙalau, ya mutu, ya huta ya dawo, yunwa yake ji. Wani abu ne ke hana mai isowa.

Ina kan wani aiki a Ikorodu, mai kwangila kuma yana kiran Alhaji safe da yamma, kuɗin haya na tafiya. Sai aka kawo masa wani bakanike, ko tankin bai leƙa ba ya ce injekta ce. Kafin in iso an kwance famfo an kai wurin masu kalibireshan, an sa sababbin filanja, an canza nozul, masu fesa mai cikin silinda, duka shida. Kuɗin da Alhaji ya faɗa mini, wallahi sai da na zauna. Aka dawo da famfo aka ɗaura, katafila ta ci gaba da mutuwa yadda ta saba, ga kuma sabon ciwo: farin hayaƙi mai yaji a ido da ƙarar da ba ta da shi a da. An bar jaki ana dukan taiki, taikin ma an yaga shi.

Don haka aikin farko shi ne gyara ɓarnar gyara. Taimin ne ya goce, wato daidaiton lokacin fesa mai da motsin fistin. A 3306 abin ba ya buƙatar duba: akwai ramin da ake zura noti a filawil in fistin na ɗaya ya hau sama, akwai kuma fin da ke faɗawa cikin gurbinsa a sandar famfo. In biyun ba su shiga tare ba, taimin bai zauna ba, komai rantsuwar wanda ya ɗaura. Shi da ido ya yi nasa. Na saita, na sa yarona ya tsaya da katako a bakin shigar iska kafin mu tayar, don famfon da hannun wani ya shiga ba ka san me gwamnansa, wato na'urar da ke kayyade gudun injin, zai yi ba, in injin ya gudu toshe iska kaɗai ke tsayar da shi. Ta tashi lafiya, hayaƙin ya washe.

Sannan na hau kusa da direba na ce ya tura yashi, idona a kan agogon matsin mai. Tsofaffin katafilun nan suna da shi, mutane ne ba sa kallo. Kafin injin ya fara shaƙewa, allura ta riga ta sauka. Shi ke nan magana ta ƙare: man ba ya isa famfon, balle a ce famfon ne ya ƙi tura shi. Na ɗaure jarka mai tsabtataccen gas a gefe, na ja tiyo daga cikinta zuwa ƙaramin famfon da ke jawo mai, na tsallake tanki gaba ɗaya. Ta yi ta tura yashi har jarkar ta kusa ƙarewa, ko tari babu. Jarka da guntun tiyo ke nan fa. Da an yi wannan tun farko, da ba a kwance ko noti ɗaya a jikin famfo ba.

Muka bi layin da baya. Filta sabuwa ce. Tiyo bai tsage ba, da ya tsage da mun ga kumfa. Ƙofar iskar murfin tanki a buɗe take. Muka juye tankin da ke bayan kujerar direba, na haska tocila. Can ƙasa ga leda, irin ta fiya wata, ta yi laushi ta zama kalar man, tana kwance kusa da bakin bututun fita. In mai yana gudu da ƙarfi sai ya jawo ta ta manne a bakin. Injin ya mutu, jan ya saki, ta koma yawonta. Yadda ta shiga ma ba boyayye ba ne: masu kawo gas a jarka suna shimfiɗa leda a baki kafin su murɗa murfi don kada ya zuba a hanya, rariyar bakin tankin kuwa an daɗe da cire ta wai tana ɓata lokacin zuba mai.

Na miƙa wa Alhaji ledar a tafin hannu. Ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Malam, wannan ce?" Na ce, "Ita ce, Alhaji."

Abin da ya fito tare da ita ya fi ba ni tsoro: ruwa da baƙin tsaki a gindin tanki. Iskar Legas jiƙe take, musamman da damina, tankin da ya kwana rabi kuwa gumi yake yi daga ciki. Tun da gas ya yi tsada a 2022 kuma mutane suka koma sayen na jarka, wanda ba ka san inda ya kwana ba. Wasu tsofaffin 3306 famfonsu man gas ɗin ne da kansa yake shafe cikinsa maimakon baƙin mai, to ka ga ruwa in ya shiga, tsatsa ce kai tsaye. Na ce wa direba ya riƙa cika tanki da yamma, da safe ya buɗe magudanar ƙasa ya zubar da ruwa kafin ya tayar. Na kuma hana shi wata ɗabi'a da na gani, ta laluben yoyon bututun nozul da yatsa injin yana aiki. Man da ke wurin yana huda fata, kwali ake karawa.

Na nemi a karɓo tsofaffin filanjan, don na asali ne, kuma ban yarda sun ci ba. Sababbin da aka sa ko kwalinsu ba mu gani ba. Da aka kawo, sai na tarar an zube su duka a gwangwani ɗaya, a bushe, kowace an zare ta daga gidanta. Filanja da gidanta tare ake wasa su a masana'anta, ta wannan ba ta zama a na wancan. Ko lafiyarsu lau a ranar da aka cire su, yanzu sai dai a kai Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa, a auna a kilo.