Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da ƙasa ta motsa a Japan

Makon jiya na tsaya a inda na cika shekara guda ina karatu a Tokiyo. Shekarar da ta biyo baya, 2011, ita ce wadda har yau in na ji taga tana kaɗawa sai gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a ce, 11 ga Maris. Dawowata aji ke nan daga masallacin Otsuka, ƙarfe 2:46 na rana, sai bene ya fara rawa. Girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce a can, takan zo ta wuce kafin ka ajiye kofin shayi. Wannan kuwa ta ƙi tsayawa. Malaminmu, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya daka mana tsawa mu shige ƙarƙashin tebur. Ina riƙe da ƙafar tebur, bakina ba abin da yake fita sai Innalillahi.

Jiragen ƙasa suka tsaya cak. Da ƙafa na koma gida cikin dubban mutane, ba mai ture wani, ba mai hayaniya. A talabijin na ga abin da ya sami gaɓar Miyagi da Iwate: ruwan teku baƙi ƙirin yana kwashe gidaje da motoci kamar kara. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka ɓace sun haura 18,000.

Sai kuma tashar lantarki ta nukiliya da ke Fukushima, wadda ruwan tekun ya lalata har ta fara fitar da gubar nukiliya. Aka kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20 da ita, aka fara ɗauke wuta bi da bi. Ranar 23 ga Maris aka ce kada a ba jarirai ruwan famfon Tokiyo saboda gubar ta shiga cikinsa, kafin magariba ruwan gora ya ƙare a kantin unguwarmu. A daren Inna ta kira ni daga Katsina tana kuka.

"Ɗan nan, ka tattaro ka dawo gida. Karatun ya fi ranka ne?"

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ki sa ni a addu'a."

Ban koma ba. Mutanen masallacinmu suna kai kayan agaji garin Iwaki, sai na bi su. A wata makaranta da aka mai da mafaka, na miƙa wa wata tsohuwa kwanon shinkafa da miya mai zafi. Ta karɓa da hannu biyu, ta sunkuya, ta kuma sunkuyawa, alhali ba ta da sauran gida. Hawaye ya hana ni kallon idonta.

Sauran shekarar a guje ta wuce. A watan Yuli 'yan matan Japan suka doke Amurka da bugun fanareti suka ɗauki kofin duniya, na ji maƙwabtana suna ihu da asuba. Azumi ya zo a Agusta cikin zafi da gumi, ana tsimin lantarki, an rage fitilun tashoshi. Firaminista Naoto Kan ya sauka, Yoshihiko Noda ya hau a Satumba.

A Disamba, a wani wurin ibada da ke Kyoto, aka rubuta harafin da jama'a suka zaɓa wa shekarar: kizuna. Na tambayi malamina ma'anarsa, ya yi ta bayani, ni kuwa zumunci kawai nake ji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda muka yi da Inna da na je hutu gida.