Babur ko Mota: Da Wanne Sabon Direba Zai Fara a Karkara?

Da babur na fara kafin in riƙe sitiyari, kuma duk matashin ƙauye da ya nemi shawarata ta nan nake sa shi ya bi. Babur bai fi mota aminci ba, ko kusa. Amma a ƙauyukan Gumel da Ringim da Haɗeja, kafin ka taka kwalta sai ka sha rairayi da burji, da damina kuma ga taɓo. Babur ne ke saurin koya wa mutum halin irin wannan hanya.

Abu na farko shi ne kulochi. Hannun hagu na kulochi, ƙafar hagu na giya, hannun dama na totur da birkin gaba, ƙafar dama na birkin baya. A fara a fili, babu goyo, a giya ta ɗaya. Ka riƙa sakin kulochi sannu sannu har ka ji inda yake fara kamawa. In injin ya mutu, ka yi gaggawar saki. In babur ya zabura, totur ya yi yawa. Wanda ya gane wannan a hannu, in ya shiga mota ƙafarsa ta hagu ba ta wahala.

Rairayi ne ke kayar da yawancin sababbi. Tayar gaba tana fara rawa, gaban mutum ya faɗi, ya damƙe birkin gaba, tayar ta nutse ta karkace, sai ƙasa. Tun kafin ka shiga za ka rage gudu, ka sa giya ta biyu, ka ɗan ja jiki baya, totur ya tsaya wuri ɗaya, kada ka ƙanƙame kan babur. Idonka can gaba, ba kan tayar ba. A kan burji ma birkin baya ake fara takawa.

Ga sauƙin gyara. Babur ƙirar Boxer kusan lita 1 ta baƙin mai yake sha, kuma da wuya ka je kasuwar da babu bakanike da mai faci. Ka riƙa duba sarƙa: wasanta kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Ta yi sako-sako tana iya zamewa, ta yi tsauri tana cin haƙoran da take bi.

Inda ba na sassauci shi ne hular kwano da rufaffen takalmi. Silifa ba ta kare yatsu, kuma babbar riga ko gyalen wadda aka goya na iya shiga taya. Buhun gero a baya sai hannu ya faɗa. Ranar Alhamis a hanyar Maigatari, ko Juma'a a Wudil, manyan motocin shanu ne ke cike titi, mai koyo ya haƙura da fita.

Komawa mota na da nata aikin. Ɗan babur ya saba kutsawa ta ƙaramar kafa, sai ya manta faɗin mota, ya goga amalanke. Bai san ribas ba, bai saba da madubi uku ba, kuma mota mai lodi ba ta tsayawa nan take. Waɗannan sai an koma fili an sake koyo.

Wanda sana'ar haya da mota ce a gabansa, ya wuce makarantar koyon tuƙi kai tsaye, domin hukumar kiyaye haɗurra tana neman shaidarta kafin lasisin farko. Shekara 18 ce mafi ƙaranci ga lasisin da ba na haya ba, kuma lasisin babur daban, na mota daban.